Gayyar Lidiya Mai Tukwane

Duk wanda ya zauna a Paikon Kore kafin a fara zancen kawo babban birni wannan yanki ya san Lidiya, ko da bai riƙe sunan ba. In ka ce Lidiya, a yi ta kallonka. In ka ce Mai Tukwane, sai a nuna maka gidan da ke bayan tsamiya, gefen hanyar Gwagwalada. Gajeriyar mace ce, kafaɗarta ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, saboda irin ɗaukar kayanmu na Gbagyi da ba ma ɗora wa kai nauyi. Muryarta kuwa, in ta ɗaga waƙa a majami'a, awakin maƙwabta kan dakata da kiwo su saurara, don su tabbatar ba ɗayansu ne ya maƙale a shinge ba. Ta san da haka, bai kuma taɓa hana ta ba. Takan ce wanda ya yi maƙogwaron shi ake yi wa waƙar, in akwai gyara ya san inda zai taɓa.

Tukwanen da aka laƙaba mata na giya ne. Shekara ashirin babu mai dafa burkutu kamarta daga nan har bakin kogin Usuma. Manya ne guda shida, jere a bayan ɗaki, kowace sai ta haɗiye ɗan akuya ba a ga kunnensa ba. A wurinmu kuwa giya ba ta shagali kaɗai ba ce, da ita ake noma. Mutum ɗaya ba ya gama huɗar gonar doya da wuri. Sai ya kira gayya a ƙarshen damina, tun ƙasa tana da laushi, maza ashirin ko talatin su zo da garemani su tara ƙasa tsibi-tsibi, a jere, inda za a binne iri. Ladansu tuwo da giya. Tuwon in ya yi gudaji a yafe. Giyar ce ba a yafewa. Shi ya sa gayyar gidan Wakili, mijin Lidiya, ba a yi mata shela sau biyu. Har wanda ba a kira ba yakan zo, ya ce daga nesa ya ga kamar an yafito shi.

Wakili dogo ne mai faɗin ƙirji, bakinsa ba ya hutawa, hannunsa ma haka. Yakan ce shi giyar ya aura, matar gyara aka ba shi.

Wajen 1957 wani mai bishara, Malam Abraham, ya fara zuwa garinmu a kan keke. Masu sauraronsa ba su wuce bakwai ba, a ƙarƙashin wata rumfar ciyawa. Lidiya da bakinta ta ce keken ta je kallo. Amma mace ce da ta binne 'ya'ya uku tun suna goye, 'yan mata biyu kaɗai suka rayu, Hannatu da ƙanwarta, su ma aure ya kai su nesa. Ranar Malam yana cewa babu jaririn da ya taɓa mutuwa wanda Yesu bai san sunansa ba. Da aka tashi ta tsaya ta tambaye shi, har wanda ya mutu ba a kai ga raɗa masa suna ba? Ya ce har shi. Daga ranar ba ta sake kallon keken ba.

Da shekara ta zagayo aka yi mata baftisma a Usuma. A majami'ar nan wanda ya shiga ruwan ya bar giya, sha da dafawa. Malam ya san sana'arta, yana ta neman hanyar da zai bi ya faɗa mata a hankali, sai ta riga shi. Tana tsaye cikin ruwa har ƙugu ta ce ta yi wa Ubangiji alkawari, hannunta da burkutu sun rabu. Ta dawo gida ta kife tukwanen shida, ta tokare bakinsu da duwatsu. Kafin sati kaji sun tare a ciki.

Yamusa, sarkin noman gari, taubashin Wakili ne, tsakaninsu babu maganar da ba a faɗa. Washegari ya zo gidan, ya wuce mutane bai gaishe su ba, ya tsaya a gaban tukwanen ya cire hula. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo ya ce wa Wakili, "Allah ya ba mu haƙuri. Da an gaya mini suna jinya da na zo dubiya."

Bayan shekara biyu Wakili ma ya bi ta. Ya ce so yake ya ga abin da ke sa mutum waƙa haka ba kunya. Aka sa masa Yakubu, sunan bai kama shi ba. Gayya ta daina zuwa gidansu, amma bai damu ba. Ya rage gonar, ya riƙa sammako, shi kaɗai yana aikin mutum uku. Kuma bai fasa zuwa gayyar wasu ba. Ya yi huɗa, ya ci tuwo, in ƙwaryar giya ta zo kansa ya miƙa wa na kusa. Har aka riƙa rububin zama kusa da shi.

Sai ciwon nan na mutanen bakin rafi ya same shi. Ya fara da ƙaiƙayi, fatar ƙafa ta yi dabbare-dabbare, daga nan ya ce yana ganin duniya kamar an tura hayaƙi a ɗaki. Lidiya ta sayar da awaki biyu, suka hau motar itace zuwa wani asibitin mishan mai nisa. Aka duba, aka ce sun makara. A 1964 Wakili ya daina bambanta rana da inuwa sai da fatar jikinsa.

Magana ta tashi a gari. Aka ce kakanni ne ke jin ƙishi tun ranar da aka kife tukwane, shi ya sa suka karɓi idon maigidan. Ba a ɓoye ake faɗa ba, a bakin rijiya ake faɗa, Lidiya na ɗaure guga. Malam Abraham kuwa an ƙara masa garuruwa, keken kuma ya tsufa, sai a yi wata biyu ba a gan shi ba. Shekarar farko gonar doyar ta kwana ba a taɓa ta ba, suka ci abin da ke rumbu. A ta biyu dattawan gidan su Wakili suka aiko. Ba da mugunta ba, al'ada ce: gonar gado ba ta zama banza damina biyu. In ƙasa ta bushe bana ba a huɗa ba, za a ba wani a dangi. Gonar nan kuwa ita ce abincinsu, kuma ita ce abu na ƙarshe da ake kira da sunan Wakili.

Lidiya ba waliyyiya ba ce, kuma da za ta ji an kira ta haka da ta yi dariya har ta ƙware. Da ruwan sama ya fara ja da baya, ta ɗebo dawa kwano goma ta jiƙa, ta shanya a bayan ɗaki ta rufe da ganye, kamar yadda ake yi in za a dafa giya. Kwana uku dawar ta yi tsiro, fari tas, irin wanda take so.

Da safe Wakili na zaune a kan turmi yana shan hantsi, ya ɗaga hanci.

"Uwar Hannatu."

"Na'am."

"Ido aka karɓa, an bar mini hancina."

Ta ce, "Ban dafa ba tukuna."

"Ban ce kin dafa ba."

"In ba a huɗa ba za a karɓe gonar, Maigida. Ka san Yamusa, ka san mutanensa. Me kake so in yi?"

Ya daɗe yana murza sandarsa a tafin hannu. "Saboda ni kika jiƙa ta," in ji shi. "In na ce ki dafa, na sa kin karya abin da kika faɗa a cikin ruwa. In na ce kar ki dafa, na bar ki da yunwa, ni kuwa ko ƙwayar dawa ba na iya kawo miki. Ba zan ce komai ba. In addu'a za ki yi, yi a nan kusa, in ji in ce amin. Waƙa ce dai ki bari sai na ɗan yi nisa."

Ta durƙusa a nan gefen turmin. Wakili ne ya riƙe mana addu'ar, don ya sha maimaita ta. Ta ce, "Ubangiji, ka ga dawar nan, ka ga idon mutumin nan. Ban ce ka yi mini bayani ba. Ka riƙe ni kawai, don hannuna ya san hanyar tukunyar nan fiye da yadda ya san taka."

Da ta tashi ta tsaya tana kallon tsiron. Dawa kwano goma ba abin zubarwa ba ce a gidan da rumbu ya kusa ƙasa. Tsiron da ke yin giya kuwa shi ne ke zaƙaƙa kunu, in ba a bar shi ya kwana ya yi tsami ba. Ta shanya shi, ta niƙa, ta je ta ba kaji haƙuri ta tashe su daga tukwane uku.

Gari ya ga an wanke tukwane, an tara itace. Kafin azahar labari ya kai ko'ina cewa Mai Tukwane ta dawo hayyacinta. Maza suka fara wasa garemani. Da ta yi shiru, da sun cika gonar da sassafe, sai an gama aiki su gane abin da ke cikin ƙwarya. Ta san haka sarai. Ta ɗaura zane ta bi gida-gida tana cewa jibi akwai gayya a gonar Wakili, tuwo da miyar kuka da kaza, abin sha kuma kunun zaƙi.

Ta sami Yamusa a ƙofar gidansa yana gyara ƙotar garma.

"Kunu," in ji shi, kamar an ce masa an yi rasuwa. "Matar taubashi, haihuwa aka yi ne?"

"Huɗa za a yi, Sarkin Noma."

"To ki bar shi ya kwana uku a tukunya, ki kau da kai. Ba ke kika yi ba, kwana ne ya yi. Mu kuma mu zo."

"Ko ɗaya ba zai kwana ba."

Ya ajiye ƙotar. "Ba ƙin Wakili muke yi ba, kin sani. Amma in na kai mutane gayyar kunu yau, gobe kowane marowaci ya dama gari a ruwa ya ce addini ne. Ba zan fara ba."

Ranar gayya mutum huɗu suka zo, duk 'yan majami'a: mata uku da wani tsoho da garmar ta fi shi nauyi. Suka yi abin da suka iya, tsibi talatin da wani abu, a gonar da ke son dubu. La'asar ta yi, ga tukwane biyu da rabi cike da kunu, wanda in ya kwana ya zama abin da aka guda.

Ana haka Adda Zulai ta biyo hanya da ƙwaryar nononta. Bafillatana ce daga rugar da ke bayan gari, sun fi shekara goma suna ciniki da Lidiya, amma a zamanin giya ko ƙofar gidan ba ta tsallakawa. Lidiya ta miƙa mata ludayi. Zulai ta shinshina, ta dube ta.

"Babu komai a ciki?"

"Dawa da citta. Ko Modibbonku ya sha ya yi salla."

Ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta ce ai wannan bai kamata a bar wa ƙasa ba. Suka juye a tuluna, Zulai a ka, Lidiya a kafaɗa, suka yi sawu uku zuwa ruga. A sawun ƙarshe Lidiya ta zauna tana huce gajiya, ana ɗaure maruƙa a dangwali, doguwar igiyar nan mai hannuwa a jere, kowane ɗan maraƙi da nasa, tazararsu ɗaya. Ta yi ta kallo. Ta tuna abin da Wakili ya faɗa da safe, cewa ƙarfinsa na nan, inda zai sa garmar ne bai sani ba.

"Adda, kuna da tsohuwar irin wannan?"

"Maraƙi kika saya?"

"Babba ne. Ya shekara hamsin."

Washegari ta ja Wakili da sanda zuwa gona. Ta kafa turke biyu, ta miƙe dangwalin a ƙasa tsakaninsu. Ya sunkuya ya laluba, ya sami hannun igiya na farko, ya ɗaga garma. Tsibin da ya tara ya fito kamar da, dunƙule, mai tsini, don hannu bai manta ba. Ya laluba na biyu. Ita kuma ta tsaya a ƙarshen layi tana waƙa don ya san inda ya dosa. Ya ce bai taɓa zaton zai yi tafiya da ƙafarsa zuwa wajen muryar nan ba.

Matsala ɗaya ce. Lidiya ta san zafin wuta da ɗanɗanon tsiro, amma ba ta taɓa ja wa gona layi ba. Duk sa'ad da ta cire turke ta matsa, sai ya ɗan karkace. Layi na biyar ya fara leƙen na huɗu. Na goma ya kama hanyar rafi, ya fasa, ya dawo. Gonar kuma a bakin hanya take. Ranar kasuwar Gwagwalada mutanen ƙauyukan gaba suka riƙa tsayawa da kaya a kafaɗa suna nunawa. A wurinmu ana iya zagin mutum ya haƙura, amma a ce huɗar garinsu ta karkace, wannan har jikoki. A tsakiyar kasuwa wani ya tambayi Yamusa ko macijin da ya ja musu layi bana yana karɓar aiki a waje.

Kwana tara suna yi, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai ba. Ruwa ya ɗauke. Ƙasa ta fara ƙara in garma ta sauka. Tafin Wakili ya tsage, Lidiya ta ɗaure masa da tsumma da man kaɗe, muryarta kuma ta dushe, abin da ya ce shi ne alheri na farko da ya gani a aikin. Ita dai ta riga ta auna da ido, ta san ba za su gama ba. Ba ta faɗa masa ba. Kowace safiya sukan yi addu'a a bakin gona, ta kafa turke.

A rana ta goma Yamusa ya bayyana da garma a kafaɗa, fuska a murtuke.

"Kai makaho, wa ya ja maka layin nan?"

"Mai ido," in ji Wakili.

"Kun mai da mu abin dariya har Kwali."

"Ni ban ga abin dariya ba."

Yamusa ya buɗe baki zai rama, sai ya ga taubashinsa ya sunkuya yana shafa ƙasa da hannu mai tsumma, yana neman hannun igiya na gaba. Mutumin da a da in ya shiga layi sai dai a ga bayansa. Yamusa ya tsaya yana kallo har Wakili ya samu.

"Matar taubashi," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "ki ji da kyau. Ba gayya na zo ba. Layi ɗaya zan ja, don masu wucewa su san akwai manoma a garin nan."

Ya ja layin, miƙe kamar an zare zare. Ya ja da baya ya duba, ya ga kusa da shi na Lidiya sun ƙara muni. Ya ja na biyu. Wasu maza biyu za su tasu gonar, ya daka musu tsawa su zo su tare wannan abin kunya daga idon hanya. Su ma ba gayya suka zo ba. Kafin rana ta take sun kai goma sha biyar, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya zo gayya.

Wani ya ɗaga garma zai rushe karkatattun layukan a sake, Yamusa ya hana. "Bar su. Tsibin ba shi da laifi." Sannan ya naɗe dangwalin ya miƙa wa Lidiya, ya kamo hannun Wakili ya tsayar da shi a tsakiyar jeri, shi a dama, wani a hagu. Ba igiya. Kafaɗa da ƙarar garma suka ishe shi. Da suka kai ƙarshen layi Wakili ya tsaya yana goge fuska, ya ce gumi ne ya shiga masa ido. Ba wanda ya yi masa gardama.

Lidiya kuwa tuni ta ruga gida. Akwai sauran garin tsiro. Da azahar ta dawo da tulu a kafaɗa. Aka karɓi ƙwarya ana yatsina fuska, ana cewa duniya ta lalace. Yamusa ya sha ƙwarya uku, ya ce so yake ya tabbatar ba shi da daɗi. Kwana biyu suka gama gonar. Dattawa suka zo suka zagaya, suka yi gyaran murya, suka koma. Ba a sake tada maganar ba.

Doyar wannan shekarar ba ta yi wani abin a zo a gani ba, don an makara. Ta dai kai su wata damina. Idon Wakili bai dawo ba. Shekara goma sha ɗaya Lidiya tana gaba da sanda yana baya, zuwa gona, zuwa majami'a, shi yana ba da labari, ita tana kaucewa da shi daga duwatsu. Yamusa bai taɓa shiga majami'a ba sai ranar jana'izar taubashinsa a 1975, kuma har ya tsufa bai yarda ya taɓa zuwa gayyar kunu ba. Kowace shekara dai Lidiya da Wakili su fita da dangwali su fara, layi ya karkace, Yamusa kuma sunan gari ya dame shi, ya zo gyara. An taɓa tambayarta ko da gangan take yi. Ta ce a'a, ba ta iya ba ne, sai dai ba ta taɓa roƙon Allah ya koya mata ba.

Bayan rasuwar Wakili, Malam Abraham, wanda shi ma ya yi furfura ya bar keke, ya zo gaisuwa. Ya ga dangwalin rataye a bango, tukwane biyar a wanke suna jiran kunun Kirsimeti, ta shida an bar wa kaji don kada a ce an ci amanarsu. Ya zauna ya ce ya daɗe yana jin nauyin cewa a shekarun nan masu wuya ba ya kusa, kuma sun yi ta roƙo idon bai buɗe ba.

"Bai buɗe ba," in ji Lidiya. "Na so ya buɗe, Malam, har ranar ƙarshe na so. Amma ranar da na durƙusa gefen turmin can, riƙo na roƙa. An kuwa riƙe ni."

Ta miƙa masa ƙwaryar kunu, ta ce in ya sha za su yi waƙa ɗaya kafin ya tafi. Malam ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu, ya riƙa kurɓa a hankali, a hankali sosai.